Hawan Duwatsun Shere: Damina ko Hunturu?

Mu mutanen Katsina mun saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Shi ya sa da ƙanena ya ce zai tafi Jos ya hau duwatsun Shere, waɗanda ke gabas da garin, ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, sai na zaunar da shi muka auna lokutan biyu.

Damina ta fi kyau a ido, wannan babu musu. Ko'ina kore shar, ruwa na gangarowa ta tsakanin duwatsu. Amma ni a watan Agusta na hau, na kuwa sha wuya. Da hantsi rana fes, kafin azahar hadari ya haɗu, gajimare ya sauko ya rufe mu har ba na ganin wanda ke gabana. Gansakuka ta sa dutsen santsi, takalmina sai zamewa yake, da rarrafe na sauko, tafin hannuna duk ya kurje. Ga tsawa, kai kuwa kana tsirin dutse babu mafaka.

A hunturu, Disamba zuwa Janairu, dutse a bushe yake, ƙafa na kamawa. Sai dai sanyin asubar Jos ya fi namu cizo, hazo kan hana ka hango nesa, leɓe ya tsage.

Na ce masa, "Ƙanena, bari sai hunturu. Ka tashi bayan sallar asuba da rigar sanyi, gorar ruwa da man kaɗanya, ka nemi ɗan gari ya yi maka jagora, ku sauko kafin la'asar."