Gayyar Unguwa Ko Ƙungiyar Agaji?

Matasa na yawan tambayata: wanda ke son yi wa al'umma hidima, ya tsaya kan aikin gayyar unguwa ne ko ya shiga ƙungiya irin Red Cross?

Ta fuskar kuɗi, gayya ta fi sauƙi. Shebur da tsintsiya da baro ne, galibi ma na aro. Ƙungiya kuwa akwai rajista, da kaki, da kuɗin motar zuwa horo.

Sai dai horon nan shi ne ribarta. Red Cross ta Najeriya, wadda doka ta kafa a 1960, tana koyar da taimakon gaggawa: tsayar da jini, tallafe karaya, ɗaukar wanda ya yi hatsari ba tare da an ƙara masa rauni ba. Ilimi ne da zai bi mutum har gidansa.

Ita gayya nan take ake ganin amfaninta, a yashe kwata kafin damina ko a gyara maƙabarta. Matsalarta rashin ɗorewa. Sau da yawa a jibge sharar a bakin kwata, ba motar kwashewa, ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito.

Hatsari kuwa kowanne da nasa: fasassun kwalabe a kwata, ko ambaliya da kwalara a fagen agaji.

Magidanci ko ɗan kasuwa da ba shi da lokaci sai safiyar Asabar, gayya ta fi dacewa da shi. Ɗalibi ko matashi mai sarari, da zai jure horo da kiran gaggawa ko da dare, ya nufi ƙungiya.