Kuɗi a hannu ko katin dala? Ni dai yuro zan ce ka riƙe

Wa alaikumus salam ƙanina. Kan maganar katin dala ko kuɗi a hannu a wannan tafiya taka ta wata huɗu da jakar goyo daga Kwatano har Abijan, kai tsaye zan ce maka ka riƙe kuɗi a hannu, kuma ba dala ba, yuro.

Ka ga sefa ɗaure take da yuro tun 1999, yuro 1 sefa 655.957 ne yau da gobe, ba ta hawa ba ta sauka, wato yuro 100 ya kamata ya ba ka kusan sefa 65,600 sai ɗan abin da mai canji zai cire nasa. Kana zaune a Kawo ta Kaduna ka riga ka san abin da ke aljihunka a Lome. Kuma sefa ɗaya ce a Benin da Togo da Kodebuwa da Sanagal da Nijar da Mali da Burkina da Gini Bisau, ƙasashe 8, Ghana ce kawai za ta katse maka hanya da sidi, ita ma yuron na canzuwa a shagunan canji na Akara ba wahala. Sefar Kamaru da Chadi daban ce fa, darajar ɗaya amma takardar ba ta tafiya a wannan ɓangaren, kar wani ya cusa maka ita cikin canji.

Lokacin da na yi tawa tafiyar, kafin in tashi na kai wandona biyu wajen wani tela a Kasuwar Barci ya ɗinka mini aljihu ta ciki a ƙugu, mai zif, har yau wandunan na nan ban rabu da su ba. Nan na raba kuɗin, wani kaso kuma a ƙasan jaka cikin safa. Wani dare na sauka Sokode a Togo bayan isha'i, ruwan sama ake kamar da bakin ƙwarya, na je ATM biyu duk sun ƙi katina, sefar da ta rage mini ba ta isa ɗaki ba. Na fake a wani shago a zango sai na ji mai shagon na magana da yaronsa da Hausa, na yi sallama, na faɗa masa halin da nake ciki na zaro yuro 20. Bawan Allah nan ko kalkuleta bai taɓa ba ya ƙirga mini sefa 13,000, ya sa aka kawo mini shayi da burodi, ya haɗa ni da yaron ya raka ni masauki. Wallahi har yanzu in na tuna sai na yi masa addu'a. Da kati kaɗai na dogara da shi, a tasha zan kwana.

Shi kati, to, yana da amfaninsa wajen biyan tikitin jirgi ko kama ɗaki ta intanet, iyakar abin da zan ce kenan. Ni na yi nadamar wanda na saya a wata manhaja, irin wanda lambobi ne kawai a waya babu katin a hannu, ba ya cire kuɗi a ATM, kuma sau biyu aka rufe shi ina tsakiyar tafiya. Ko na banki ne, in ka cire kuɗi bankinka zai ci nasa, wani injin ma ya ci nasa, ga canji daga dala zuwa sefa da ba kai ka yi cinikinsa ba. Katin naira kuwa kar ka ɗora rayuwarka a kai, mun ga yadda a 2022 bankuna da yawa suka mayar da shi dala 20 a wata daga baya suka tsayar gaba ɗaya, alhali mutane suna ƙasashen waje.

Lissafin kullum da ni na bi: ɗaki mai fanka sefa 7,000 zuwa 10,000, abinci wajen 3,000 in za ka ci abin da 'yan gari ke ci, koko da ƙosai da safe, wake da shinkafa a Ghana, garba a Abijan wato acheke, dambun rogo, da kifi, sai acaɓa da ruwa da data. Ka sa 15,000 a rana, kusan yuro 23 kenan, kwana 120 ya kama yuro 2,760. Abijan da Akara za su ci fiye da haka, ƙananan garuruwa su rama maka. Abin da ke karya mutum ranar tafiya ce, ranar da za ka tsallaka boda ka lissafa ta kwana biyu, ga kuɗin mota ga na jaka ga sabon sim. Biza babu tunda fasfonka na ECOWAS ya ba ka kwana 90 a kowace ƙasa da ke kan wannan hanya taka, amma katin rigakafin shawara ka tabbata yana hannunka. In kuɗin sun yi maka nauyi a jiki, yi rajistar sim da fasfo ka zuba na sati biyu a asusun kuɗi na waya, MTN MoMo a Ghana da Benin, ko Wave da Orange Money a Kodebuwa.

Ba ka tambaya ba amma dole in faɗa maka, ka yi hattara da wasu 'yan canji na bakin boda. Za su ƙirga a gabanka cif, su karɓa su ce bari su ƙara dubawa, su naɗe biyu a tafin hannu. Kai za ka yi ƙirgen ƙarshe, kuma kar ka miƙa yuronka sai sefar na aljihunka. A nan gida ma wajen sayen yuron ka je shago mai lasisi, ka ɗaga kowace takarda a haske, ka ƙi mai yaga ko rubutu, ka nemi 'yan 20 da 50 da yawa, don babbar takarda ba kowa ke karɓa ba a ƙauye. Sannan in ɗan zango ko ɗan Nijar ya ce maka dala ɗari, ba ta Amurka yake nufi ba, dala ɗaya sefa 5 ce a ƙirgensu, dala ɗari 500 kenan, jikka kuma 1,000. Akwai masu amfani da wannan ruɗanin su cuci baƙo, ka ce a rubuta maka a waya kafin ka biya.

Saboda haka kashi biyu cikin uku yuro a hannu, sauran ka bar su a katin dala na bankinka na gaske, ka ɓoye shi daban da fasfo don ranar larura. In ka shigo cikin gari ka yi mini magana in nuna maka yadda aka yi ɗinkin aljihun, Allah Ya kai ka lafiya Ya dawo da kai lafiya.