Sharhi kan regulator_summary na Linux: mai nuna halin wuta, ba tarihinta ba

Tun shekarar 2008, a sigar 2.6.27, Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ke da sashe na musamman mai kula da na'urorin daidaita wuta, waɗanda ke raba wa kowane ɓangare na allon kwamfuta ƙarfin lantarkin da yake bukata. Sai dai an daɗe ana laluben halinsu ɗaya bayan ɗaya, har zuwa 2015 da aka ƙara fayil ɗin regulator_summary a cikin /sys/kernel/debug/regulator.

Fayil ɗin yana jera masu daidaita wutar bisa tsarin uwa da 'ya'yanta, ta yadda mai dubawa zai ga layin da ke ciyar da wani, da na'urar da ke shan wuta daga kowanne, da ƙarfinsa a milivolt. Na ga amfaninsa a kan wani ƙaramin allo da Wi-Fi ɗinsa ke mutuwa kusan daƙiƙa 30 bayan an kunna shi. Da na buɗe fayil ɗin, sai ga layin volt 3.3 da ke ciyar da shi yana ɗauke da sifili a ginshiƙin open, wato babu direba, manhajar da ke sarrafa na'ura, da ya nemi wannan layi. Laifin nawa ne, domin ban haɗa Wi-Fi ɗin da layin a fayil ɗin bayanin allon ba, shi kuwa Linux ya ɗauka wuta ce ke tafiya a banza, ya kashe ta kamar yadda aka tsara masa. Abin da ya cinye mini yini biyu ya warware cikin minti biyar.

Amma akwai inda ya gaza. Hoto ne kawai na lokacin da aka duba, ba ya faɗin wanda ya kashe layi ko yaushe, don haka dole a koma ga saƙonnin da Linux ke rubutawa, waɗanda ake karantawa da umarnin dmesg, ko a kunna ftrace, mai bibiyar ayyukan Linux. Abin da ya fi damuna shi ne, lambar da yake nunawa galibi ita ce wadda aka saita ko aka rubuta, ba wadda aka auna ba. Yana iya cewa milivolt 1800 alhali wutar ta faɗi ƙasa da haka a kan allon, shi ya sa har yanzu mitar awon wuta ba ta barin teburina.