Kafin ka sayi na'urar kama botnet a kasuwar Computer Village ta Legas

Idan data na ƙarewa da wuri a shagonka, ko intanet ta yi nauyi alhali kowa ya tashi, kada ka yi saurin tsine wa kamfanin layi. Wataƙila kyamarar tsaronka ce ta faɗa hannun masu kutse, suna juya ta daga nesa tare da dubban irinta; wannan taron na'urori shi ake kira botnet. Haka manhajar kutse mai suna Mirai ta yi a 2016: ta bi kyamarori da DVR (na'urar da ke adana bidiyon kyamara) ta ƙofar Telnet mai lamba 23, wadda ake shiga na'ura daga nesa ta cikinta, tana gwada kalmar sirrin da suka fito da ita daga kamfani. Kyamara ba ta ɗaukar manhajar kariya, sai dai a kama ta ta shige da ficenta.

Mafi sauƙi shi ne rauta (na'urar rarraba intanet) ta MikroTik. Tana da Torch, wanda ke nuna maka nan take wace na'ura ce ke zuba data waje, kuma ina take kaiwa. Sai dai a 2018 an sami ɓaraka a Winbox, manhajar saita ta, kuma botnet ɗin Mēris na 2021 da irin waɗannan rautoci aka gina shi. In ka saya, sabunta RouterOS, manhajar da ke tafiyar da rautar, tun a gaban mai shagon.

Pi-hole, manhaja da ake ɗorawa a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, yana rubuta sunayen shafukan da kowace na'ura ke nema. Ka ga DVR na tambayar sunaye barkatai marasa ma'ana, to akwai magana. Wadda ke kiran lambar IP (adireshin intanet na lambobi) kai tsaye kuwa ta wuce shi.

Ni dai na fi karkata ga Suricata da Zeek, manhajojin sa ido kan zirga-zirgar data. Kyauta ne, tsohuwar kwamfuta ta ɗauke su, amma dole ka sayi suwici mai iya kwafo zirga-zirgar duka zuwa ƙofa ɗaya, ba suwici na gama-gari ba. Suricata na kama sanannun alamu. Zeek kuwa magatakarda ne, ko an rufe saƙo yana rubuta lokaci da girmansa, don haka na'urar da ke kiran ubangidanta mai kutse duk bayan minti ɗaya da tsakar dare ba ta da maɓoya. Wahalarsu biyu: wuta, sai ka haɗa da inbata, da kuma yaron da zai zauna ya karanta rahoton.

FortiGate da Sophos, na'urorin tsaron intanet, na masu ofis ne, irin manyan 'yan canji da dillalan Mile 12 masu rassa. Lasisinsu da dala ake lissafa shi, kuma yana ƙarewa. Tokumbo mai araha sau da yawa lasisinta ya mutu, ko tana rajista da sunan wani. Ka ce a kunna, a nuna maka ranar ƙarewarsa kafin ka tura kuɗi.