Camry ko Accord: Ina Cikakken Tanki Zai Kai Ka?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tambayar da mai sayen mota yake fara yi wa dillali ta sauya. A da lafiyar inji da giya ake tambaya, yanzu kuwa sai ka ji ana cewa, "In na cika ta, ina za ta kai ni?" Amsar dillali ba ta canjawa: "Alhaji, wannan ai ba ta shan mai." Kada ka tsaya a kan wannan. Lissafin ba wuya, litar da tanki yake ɗauka ce za ka ninka da kilomitar da motar take yi da lita ɗaya.

A matsakaitan motocin gida, biyu ne suka cika kasuwarmu. Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda ake kira Muscle, tankinta lita 70 ne. Haka ma Accord ta 2008 zuwa 2012, wato Evil Spirit. Yayarta ta 2003 zuwa 2007 lita 65 take ɗauka. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, inda yawancinsu suka fito, masu fulogi huɗu, wato masu inji mai silinda huɗu, na yin kusan kilomita 9 da lita a cikin gari, kusan 13 a babban titi. Ke nan a takarda cikakken tanki zai yi wajen kilomita 620 a gari, ya doshi 900 a doguwar tafiya. Tsakanin Muscle da Evil Spirit ba wani bambancin shan mai da zai sa ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya. Wadda ta fi lafiya, ita za ka ɗauka.

Sai dai takarda daban, hanya daban. Ba mai hankalin da zai zuƙe tanki ƙarƙaf, domin famfon mai a cikin tankin yake zaune kuma man ne yake sanyaya shi, don haka ka ware lita 10 ka yi lissafi da 60. Ga na'urar sanyi a kunne a zafin Afrilu, ga mutum biyar da but cike da kaya, ga ramuka da shingayen bincike. A ganina, lafiyayyar mai fulogi huɗu ya kamata ta kai ka Abuja daga Kano, tafiyar kilomita ɗari huɗu da 'yan kai, da sauran mai na yawon gari. Maiduguri, mai kusan 600, za ta iya, amma ni dai zan ƙara a Potiskum, kada a ƙare a hannun 'yan bumburutu. Legas kuwa sai ka sake shiga gidan mai, ko me dillali ya ce.

Mai fulogi shida akwai daɗin tuƙi, musamman wurin wuce tirela. A babban titi ba ta yi nisa da mai huɗu ba, kusan kilomita 12 take yi da lita. A cunkoson gari ne take nuna halinta, ta sauko wajen 8. In zirga-zirgarka makarantar yara ce da kasuwa da ofis, ka bar ta.

Girman tanki kuma ba shi ne sauƙin mai ba. Camry ta 2012 zuwa 2017 an rage mata tanki zuwa lita 64, amma tana dosar kilomita 15 da lita a babban titi, har ta wuce Muscle nisa da kuɗin cikawa kaɗan. Corolla ma, da lita 50 ɗinta, ba za ta kai Camry nisa ba, duk da haka ta fi ta sauƙi a aljihu.

Mai haɗin batir da fetur ita ce ta ɗan gari. Camry Hybrid ta 2007 zuwa 2011 tana yin kusan kilomita 14 da lita, a cunkoso ko a titi, da tankin lita 65. Matsalar ita ce shekarun batirin, ga zafinmu da ƙura da ke toshe fankar da ke sanyaya shi. Kada ka biya sai wanda ya san aikin ya jona mata kwamfuta.

Duk waɗannan alƙaluma na motar da ba a taɓa ba ne. Ta hannu da ta daɗe a ƙasar nan sau da yawa bakanike ya cire mata abin daidaita zafin inji ya haɗa fanka kai tsaye, sai injin ya ƙi yin ɗumi, ya yi ta zuƙar mai. Wata an yashe matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda ake ce wa indomi, an sayar. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga ko fitilar inji ta kama a allo. In ba ta kama ko kaɗan ba, mai yiwuwa an kashe ta ne don a ɓoye wani abu.

In mai motar ya amince, ka cika tanki har bakin famfo ya katse, ka mayar da ƙidayar tafiya sifili, ka yi zagaye mai ɗan nisa, sannan ka koma famfon nan ka sake cikawa. Ka raba nisan da litar da ta shiga. Ka dai lura, 'yar Amurka da mil take ƙirgawa, sai ka ninka da 1.6 kafin ka raba.