Filasta mai shafi ɗaya: yadda ta kasance a bangon gidana a Hanwa

Duk wanda ya yi gini a Zariya ya san hidimar bangon waje. A yi filasta, a jira ta bushe, a goge, a shafa fenti, damina kaɗan fentin ya fara ɓarewa, a sake kiran mai fenti. Gudun wannan ne ya sa na gwada filastar da ake kira monokush, wadda ke zuwa da launinta a ciki. Ta sha damina, ta sha hunturu a bangona, don haka ina da abin faɗa.

A buhu mai kilo 25 take zuwa, an riga an haɗa komai tun daga masana'anta: farin siminti, farar ƙasa, tataccen yashi, launi, da sinadarin da ke rage shigar ruwa. Ruwa kawai ake zubawa, wajen lita 5 a buhu. Wannan shi ya fi burge ni. Babu maganar a ƙara yashi don siminti ya auka, babu yashin rafi mai laka da ke sa filasta tsattsagewa. Kwaɓin safe da na yamma duk ɗaya ne, muddin an auna ruwan.

Amma tana cin kuɗi. Kaurin da ake so milimita 15 ne bayan an kankare fuskarta, buhu ɗaya kuwa da ƙyar ya wuce murabba'in mita ɗaya. Idan bulon ya karkace, da wannan kaya mai tsada za a cike ramukan. Ba a nan na samu ba, sai da aka yi mini oda, kuɗin mota ya hau kai.

Inda gizo ke saƙar shi ne hannun birkila. Shafi ɗaya ake cewa, amma sau biyu ake ɗorawa, na biyun tun na farko yana ɗanye. Sai a bar ta ta kama, sannan a kankare fuskar da wani faranti mai ƙusoshi. Dattijon da ya yi mini aikin ya riƙa danna bangon da babban yatsa yana gwada farantin a gefe. Ya ce da ni, "Malam, in ta liƙe a ƙusa, da saura. In kuma ta yi tauri, mun makara." A hunturu muka yi aikin, iska da bulo duk suna zuƙe ruwa, tazarar nan ta zama gajera ƙwarai. Sai da aka jiƙa bangon kafin a fara, ana bin inuwa, ana yayyafa ruwa bayan an gama. A zafin Maris da Afrilu ba zan ba kowa shawarar ya taɓa ta ba.

Kuma ba ta yafiya. Bangon gabas ruwa ya yanke ana tsakiyarsa, aka ƙarasa washegari. Har yau layin mahaɗar yana nan, rana na fitowa za ka gan shi. Da mai haɗa na'urar sanyaya ɗaki ya huda bango daga baya, facin ya fita daban duk da buhun iri ɗaya ne. Filastar gargajiya fenti kan rufa mata asiri, wannan kuwa ba ta da abin rufi. A gama duk wani aikin bututu da waya kafin a fara, a kuma sa ragar hana tsagewa a cikin filastar a kusurwar tagogi da inda bulo ya haɗu da kankare. Inda aka sa ragar ban ga tsaga ko ɗaya ba.

A damina ta fitar da ni kunya. Ruwan Agusta ya daki bangon, ciki bai yi danshi ba, babu kumburi, babu ɓarewa. Inda baro ya gogi kusurwa, launin ciki da na waje ɗaya ne, sai an matso ake lura. Launin ƙasa-ƙasa na zaɓa, kusan irin na makubar da ake shafa wa tsofaffin gidajen cikin birni, kuma na ji daɗin hakan, domin fuskarta mai kaushi ce, tana riƙe ƙurar hunturu. Buroshi da ruwa na fitar da ita, amma mai son fari fat ya yi tunani. Jar ƙasarmu ma tana fallatsi a gindin bango, shi ya sa muka tsayar da filastar santimita 15 sama da ƙasa, muka liƙa dutse a ƙarƙashi.

Zan sake amfani da ita a fuskar gida, da sharaɗin birkilan ya nuna mini bangon da ya taɓa yi da ita, kuma tankin ruwa na cike kafin a ɓarke buhun farko. Katanga da ɗakin mai gadi kuwa filastar siminti da yashi zan yi musu, kuɗin bai kai a kashe a can ba.