Manhajar kallon ƙwallon jami'o'in Amurka: na biya na kaka guda, ga abin da na gani

Jama'a barkanmu. Jiya aka turo min saƙo wai in sabunta rajistar manhajar da na kalli ƙwallon jami'o'i da ita a kakar 2024, shi ne na ce bari in zauna in rubuto muku yadda muka kwashe da ita, tunda wasu 'yan uwa da ke nan Amurka sun sha tambayata ko ta cancanci kuɗinta. Ba zan kama sunan kamfanin ba, duk kusan jirgi ɗaya ya kwaso su. Irin manhajar nan ce da ke tara maka tashoshin talabijin ta intanet, ka biya duk wata, ba dish ba dikoda.

Ga waɗanda ke gida, ba ƙwallon ƙafa irin namu nake nufi ba, zari-rugar Amurka ce, wadda ake sa hular kwano ana karo kamar raguna. Kuma ta ɗalibai ce ba ta ƙwararru ba, amma kar kalmar ɗalibai ta ruɗe ku. Ni a Columbus nake zaune a jihar Ohio, filin wasan jami'ar Ohio State da ke garin yana cin mutum sama da 100,000, kuma cika yake yi. Ranar Asabar ɗin wasa garin nan kamar ranar hawan sallah, kowa da jan kaya, tun asuba mutane sun kafa rumfuna a wajen ajiye motoci suna gashin nama.

Bari in fara da yabo don kar a ce ban yi adalci ba. Hoto tas. A duk kakar sau biyu ko uku ne kawai ya tsaya yana juyawa, kuma ɗaya daga ciki laifin intanet ɗin gidana ne. Za ka iya raba sikirin gida huɗu ka kalli wasa huɗu a lokaci guda, ranar Asabar wannan ba ƙaramin abu ba ne don wasanni ake yi tun tsakar rana har tsakar dare. Tana naɗar maka wasa in ka fita, in ka dawo ka kalla kana tsallake talla, ni a wajena wannan shi ne abin da ya fi komai amfani a cikinta, za ku ji dalili a gaba. Tana aiki a waya, tana aiki a talabijin, sokewa ma ba wuya. Kuɗin dai da ɗan zafi, ya haura abin da nake biya na wuta a wasu watannin.

To inda muka fara saɓawa. Ƙarshen Satumba, Ohio State za ta je gidan Michigan State, na gayyato abokai uku, uwargida ta yi mana shinkafa da miyar taushe, muka zauna na ɗauki rimot na bi tasha bayan tasha, babu wasa. Ashe wannan wasan a Peacock kaɗai ake nuna shi, manhajar gidan talabijin na NBC, ita kuma kuɗinta daban. Tawa manhajar da ta cika ni da tallan cewa duk ƙwallon jami'a yana wajenta ko ɗan rubutu ba ta sa ba ta ce malam wannan ba mu da shi. Haka na zaro kati a gaban baƙi na sake biyan wani kuɗin, wallahi kunya ta fi kuɗin ciwo.

Daga baya da na bi diddigi sai na gane abin ya fi ƙarfin manhajar, ita 'yar kamasho ce kawai, masu kayan suna sama. Jami'o'in nan rukuni-rukuni suke, kowane rukuni shi ke sayar da wasanninsa ga gidajen talabijin. Rukunin Big Ten da Ohio State ke ciki ya sa hannu a 2022 a kan kwantiragin shekara 7 na sama da dala biliyan 7, da Fox da CBS da NBC, kowa ya yanki rabonsa kamar watanda, Fox tsakar rana, CBS la'asar, NBC dare, sannan a ware wasu wasanni a kulle su a Peacock don dole ka yi rajista. Rukunin SEC na kudu kuma ya koma hannun ESPN da ABC gaba ɗaya daga 2024. Asalin abin ma tun 1984 ne, da kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar da jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai, ta ce hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ba ta da hurumin riƙe cinikin talabijin ita kaɗai. Tun daga nan kasuwa ta buɗe kowa ya kama gabansa.

Ina da wani dattijo maƙwabci, Bature ne, ya haura saba'in, tun yana saurayi yake zuwa filin nan, shi ya fara kai ni kallo. In kana so ka ga ransa ya ɓaci ka ambaci wasan ƙarfe sha biyu. A kakar 2024 wasanni shida na ƙarshe da Ohio State ta buga kafin gasar fitar da gwani duk ƙarfe sha biyun rana aka take su, shida a jere, har da babban wasa da Penn State da wanda aka yi da Indiana. Na ƙarshensu, wanda aka yi da jami'ar Michigan (daban take da Michigan State), dama can da rana aka saba yin sa, wannan ba wanda ya yi ƙorafi. Amma sauran, mutane na so a yi da dare, fitilu a kunne, an wuni ana shiri, masu zuwa daga nesa sun iso a natse. Fox kuwa ta gina babban shirinta ne a kan tsakar rana saboda a lokacin ba ta da abokin gasa sosai, kuma ita ta biya, to ita ke da zaɓi. Wani abin haushin, sau da yawa ba a faɗin lokacin wasa sai saura kwana 12, wani lokacin ma kwana 6, mutum ya sayi tikiti tun bazara amma bai san ko da safe zai bar gida ko da yamma ba sai gidan talabijin ya gama lissafinsa.

Abin dariya, ƙanena da ke Kano shi murna yake da wannan tsarin, don sha biyun ranar nan biyar ɗin yamma ce a gida, in an canza agogo a Nuwamba ta koma shida, yana gama kallon Firimiya sai ya kira ni in riƙa ba shi labari. Shi dai ya huta.

Sai talla. Kai, talla! Wasan nan a agogo minti 60 ne amma sai ka share sama da awa uku a zaune. A ci ƙwallo talla, a dawo a buga ta sau ɗaya a sake tafiya talla. A gida ba ka jin abin sosai, ka tashi ka yi alwala ka dawo. Sai da na je fili na ga yadda abin yake da ido: wani mutum mai jar hula zai shigo ya tsaya a cikin fili da allon ƙirga lokaci, 'yan wasa a tsattsaye, alƙalin wasa ya harɗe hannu, mutum dubu ɗari na karkarwa a sanyin Nuwamba ana jiran a gama tallan mota da inshora. A 2023 an canza doka don agogo ya rage tsayawa wai a gajarta wasa, a 2024 kuma sai aka ƙirƙiro wani sabon hutu in saura minti biyu a tafi hutun rabin lokaci da kuma in saura minti biyu a tashi. Ni dai abin da na lura, ƙwallon ce ta ragu, tallan yana nan daram. Shi ya sa na koma dabarar barin wasa ya yi nisa da kamar minti arba'in kafin in kunna, in riƙa tsallakewa, sai dai dole ka kife wayarka don 'yan guruf ba sa iya riƙe baki.

Abin da ya fi ɓata min rai da yadda ake nuno wasan shi ne 'yan badujala. Kowace jami'a na da tata, ɗalibai ɗaruruwa da ganguna da abin busa. Na Ohio State suna da wata al'ada tun shekarun 1930, su yi ta maci suna busa har su rubuta kalmar Ohio da jikinsu a tsakiyar fili, a ƙarshe mai ƙaton abin busa ya fito da taƙama ya tsaya a matsayin ɗigon harafin i ya rusuna, fili ya ɗauki ihu. Na gani da idona tsigar jikina ta tashi. A manhaja? Da an tafi hutu sai a kai ka ɗaki wajen wasu ƙarti huɗu da kwat suna surutu, da sunan wani kamfani a bayansu. In ka yi sa'a ka ga sakan goma.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya sami rukunin Pac-12 na yammacin ƙasar. Rukuni ne da asalinsa ya koma har 1915. Ya kasa samun kwantiragin talabijin mai tsoka, sai kowa ya tsere, USC da UCLA da Oregon da Washington suka shigo Big Ten, huɗu suka tafi Big 12, Stanford da Cal da ke bakin tekun Fasifik suka shiga rukunin da sunansa ma na gaɓar Atilantika ne, aka bar Oregon State da Washington State su biyu kamar marayu. Akwai wata abokiyar aikina da ta yi karatu a Oregon State, ta ce ita ba cin kofi ne ya dame ta ba, wasansu da Oregon na ƙarshen Nuwamba shi ne lokacin da danginsu ke haɗuwa, rabi kore rabi ruwan lemo ana tsokanar juna kamar taubasai, a 2024 sai aka mayar da shi Satumba. Oklahoma da Oklahoma State da suka fara karawa tun 1904 sun yi na ƙarshe a Nuwamban 2023, don Oklahoma ta bi Texas zuwa SEC. Big Ten kuwa, sunan goma amma jami'a 18 ne a ciki yanzu, daga New Jersey har Los Angeles, ɗalibi ya yi awa biyar zuwa shida a jirgi don wasa ɗaya, Litinin kuma yana da aji.

Ranar 1 ga Janairun 2025 na kalli Rose Bowl a gidan dattijon nan. Shekara da shekaru wannan wasan na zakaran Big Ten ne da zakaran yamma, a Pasadena, rana na faɗuwa bayan duwatsu. Wannan karon Ohio State da Oregon ne, 'yan rukuni ɗaya, sun ma riga sun haɗu a Oktoba, kuma wasan ya zama zangon kusa da na kusa da na ƙarshe kawai a sabuwar gasar fitar da gwani ta ƙungiya 12 da ESPN ta tsawaita kwantiraginta a kan dala biliyan 7.8 na shekara 6. Mun ci 41 da 21. Dattijo ya yi tsalle ya yi ihu, da aka tashi ya ce min daɗi dai ya ji amma ba Rose Bowl ya kalla ba.

Amma fa kar in yi munafunci, ni ɗin nan da ke ƙorafi ban tashi daga gaban talabijin ba har aka kai 20 ga Janairu muka doke Notre Dame 34 da 23 muka ɗau kofi, kuma a tsohon tsarin ƙungiya huɗu da wuya mu shiga bayan Michigan ta kunyata mu 13 da 10 a gida. Sannan kuɗin nan ne ya dawo da wasan Texas da Texas A&M da aka daina tun 2011. 'Yan wasan ma da aka daɗe ana cin guminsu kyauta sun fara ganin haske, tun 2021 suna iya karɓar kuɗin talla da sunansu, a Yunin 2025 kuma kotu ta amince jami'a ta riƙa biyansu kai tsaye, har jimillar kusan dala miliyan 20.5 ga kowace jami'a a shekarar farko. Wannan ban ga aibunsa ba ko kaɗan, yaro na karya ƙashi koci na kwasar miliyoyi, ai da sake.

Maki: hoto da naɗar wasa biyar cikin biyar, farashi biyu da rabi, faɗin gaskiya a kan wasannin da ba su da su ɗaya, shi ma don tausayi. Gaba ɗaya uku. In za ka saya ka bari sai ƙarshen Agusta, ka fara duba jadawalin ƙungiyarka ka ga tashar da za ta nuna kowane wasa, ka ware kuɗin manhaja ta biyu na wata ɗaya, kuma ka sa ƙararrawa a waya ta tuna maka sokewa a Janairu, ni mantawa na yi suka ci min kuɗin Fabrairu a banza.

Sabuntawa kuma zan yi, wata huɗu da rabi kawai. Dattijo ya ce gwiwa ta fara hana shi hawa matakalar filin, bana zai bar min tikitinsa na wasa biyu, sharaɗinsa ɗaya, in shiga da wuri kafin 'yan badujala su fito in ɗauko masa bidiyo a waya.